Amsa daga Ƙasan Teku

Ranar da motar asibiti ta zo ɗaukar Zulkiflu, bai bar wa matarsa saƙon komai ba sai na ranar Alhamis. Ga mutum yana haki kamar wanda ya hau bene a guje, ga ma'aikata biyu cikin fararen ledoji sun tallafe shi, amma da aka kai bakin ƙofa sai ya dafa bango ya waiwayo.

"Maman Zuhra, Alhamis bayan la'asar. Kwamfutar na kan tebur, na bar miki komai a buɗe, dannawa kawai za ki yi. Ki zauna a madadina. Abin da suka gani, ki gaya mini."

Husainatu ta ce to. A ranta kuwa ji take kamar ta rufe shi da faɗa. Bai ce ga yadda za a yi da yarinya ba, bai ce a kira gida ba, sai maganar teku. Amma wa ke faɗa da mai neman numfashi? Ta tsaya a tagar falo har motar ta fice daga layinsu na Sri Petaling. Da ta juyo ne ta ga wayarsa a kan sallaya, inda ya ajiye ta bayan azahar.

A lokacin korona ta shiga shekararta ta biyu, kuma a Kuala Lumpur ta yi kamarin da ba a taɓa gani ba. An rufe gari ruf. Shagunan mamak, wato gidajen shayi da abinci da ba su san rufewa ba, sun kife kujerunsu, sai masu babur da ke tsayawa su karɓi tapau, ƙunshin abincin kai wa gida, su wuce. A benen da ke kallon nasu, wasu gidaje sun rataye farin ƙyalle a taga, alamar abinci ya ƙare musu. Ita kanta Husainatu an ɗaura mata abin hannu ruwan hoda, ita da 'yarsu Zuhra mai shekara shida, ma'ana ba fita ko nan da ƙofar lif sai ranar da hukuma ta sallame su.

Zulkiflu ɗan Ringim ne, malamin fiziks a wata kwalejin ilimi, gwamnati ta turo shi digiri na uku. Abin dariyar shi ne, mutumin da ko iyo bai iya ba, wanda in ya shiga kwalekwale yake riƙe gefe da hannu biyu yana salati, shi ne karatunsa ya je ya maƙale a ƙasan teku. Ya sha yi mata bayani, yawanci a kicin, yana tsaye yana satar soyayyen dankali daga faranti. Akwai wasu ƙwayoyi, in ji shi, ana ce musu nutrino. Ƙanƙantarsu ta kai ba su san da zaman dutse ko ƙarfe ba. Wasunsu daga can ƙuryar sararin samaniya suke tasowa, inda taurari ke fashewa, su yi tafiyar da hankali ba ya ɗauka, su shiga duniya ta wannan gefe su fice ta wancan ba su taɓa komai ba.

"Yanzu haka da muke magana suna ratsa ki, bila adadin."

"A'uzu billahi. Su dai ratsa ka, kai da ka san su."

Sai can ba a rasa ba, ɗaya takan yi karo da wani abu a cikin ruwa, ta bar ɗan haske shuɗi da bai kai ƙiftawar ido ba. Don a kama wannan hasken ne ƙasashe da dama suka haɗa hannu, suka jera ƙwallayen gilashi masu girman tulu a jikin dogayen igiyoyi, suka kafa su a ƙasan Bahar Rum, a zurfin da rana ba ta taɓa kaiwa ba. Wannan ne madubinsu na hangen nesa. Duk duniya in za a kalli taurari sama ake ɗaga kai, su kuwa sai suka nutse. Shi Zulkiflu bai taɓa ganin abin da idonsa ba. An sa sunansa cikin waɗanda za su bi jirgin ruwa a saukar da sabuwar igiya, har ya sayi rigar sanyi, korona ta zo ta rufe hanya. Daga teburin falo yake aikinsa a kan bayanan da na'urar ke aikowa, yana neman ko wasu gungun taurari da ya zaɓa suna cikin masu turo waɗannan ƙwayoyi.

Abin da ya fi ɗaure wa Husainatu kai shi ne dokar mutanen. Ba sa barin mai bincike ya ga bayanan gaskiya. A hargitse ake ba shi, an cakuɗa lokutan, ya gina hanyar lissafinsa a haka, don kada son zuciya ya sa ya ga abin da babu. Sai kwamitinsu ya bi aikin layi-layi ya gamsu, sannan a sa rana a buɗe na gaskiyar a gaban kowa, sau ɗaya tak, abin da ya fito kuma ya fito ke nan.

"Shekara huɗu kana hura wa tukunya wuta ba ka buɗe murfi ba," takan ce masa. "In ruwa ne zalla a ciki fa?"

"In sha Allahu akwai nama," yakan ce yana dariya.

A gida bai taɓa maganar rashin samu ba. Mutum ne mai son ya ga fuskarta a sake, kullum labarin ranar da za a dace yake ba ta, ita kuma ta kwashe ta kai Ringim ta waya, har ya zama a can kowa ya san Zulkiflu yana dab da gano wani abu a sama da Bature bai gano ba.

Alhamis ta zo. Husainatu ma ta kamu, amma zazzaɓinta bai yi tsanani ba, sai dai ba ta jin ƙanshi, ba ta jin ɗanɗano, kanta kuma kamar an ɗora mata dutsen niƙa. Ta kunna wa Zuhra katun, ta sa hijabinta na fita, ta zauna a kujerarsa ta danna inda ya ce.

Fuskoki suka cika allon, wani a ofis, wani a kicin kyanwa tana wucewa ta bayansa. Mutum ɗaya ta sani, Farfesa Zainol, siririn dattijo ɗan ƙasar, mai kula da aikin Zulkiflu a jami'arsu ta nan. Ya gaya musu ɗalibinsa yana asibiti, matarsa ce ke zaune a madadinsa. Suka ɗaga mata hannu, ta ɗaga musu. Husainatu malamar firamare ce a gida, Turanci ba baƙonta ba ne, amma na waɗannan mutane daban ne, rabinsa ta hanci yake fitowa, rabi kuma kalmomin sana'arsu ne. Ta kasa kunne iya ƙarfinta.

Wata mata mai gajeren gashi ta ce za ta fara. Lambobi suka yi ta gudu, sannan taswirar sama ta fito, mai siffar ƙwai a kwance, shuɗi da kore. Zulkiflu ya taɓa ce mata in an dace za a ga ɗigo ja. Ta bi taswirar da ido daga wannan gefe zuwa wancan, ta sake bi, ba ja ko ɗis. Matar ta faɗa da Turancin da ko yaro zai gane: babu alamar komai, duk abin da aka gani shi ne hasken banza da aka saba gani a tekun. Wani dattijo ya cire tabarau ya murza ido. Wani ya ja dogon numfashi.

Husainatu ba ta jira sauran ba. Ta rufe kwamfutar, ta shiga banɗaki don kada Zuhra ta gani, ta yi kuka mai isarta. Ta tuna idonsa da ya lalace har ya koma tabarau mai kauri, da sallolin da suka yi a ƙasar mutane, da bukukuwa da rasuwowin gida da suka halarta ta waya. Ashe dai ruwa ne a tukunyar. Tausayinsa ya cika ta.

Da ta wanke fuska sai ta kira Ringim. Gwaggo Hureira ƙanwar mahaifin Zulkiflu ce, ita ta riƙe shi tun yana maraya, kuma duk abin da ya shafe shi a gabanta ake fara ajiyewa. Ta saurara har ƙarshe.

"To yanzu me kike nufi? Ki gaya masa?"

"Ya ce in gaya masa, Gwaggo."

"Ke 'yar nan, kina da hankali kuwa? Mutum na kokawa da ransa ki ɗauki wannan ki kai masa? Ki ce wahalarsa ta shekara da shekaru ta tashi a banza? Ai kin gama da shi ke nan. Kul na ji. Ki ce ba a yi ba tukuna, an ɗage. In ya tashi ya ci tuwo ya ƙoshi, ya ji a kan ƙafarsa kamar kowane namiji."

Ba mugunta ba ce, kuma ba Gwaggo ce ta ƙirƙiro ba. Haka mutanenmu suke, ba a shiga ɗakin mara lafiya da baƙin labari, a bakin ƙofa ake ajiye shi tare da takalmi. Husainatu ta fi kowa sani. Lokacin da mahaifinta ya rasu tana da tsohon cikin Zuhra, gida guda suka haɗa baki, a yi dariya da ita a tsakar gida, a zagaya bayan ɗaki a yi kuka, ba ta ji ba sai bayan suna. Ta yi fushi a lokacin, daga baya kuma ta gode musu. Don haka da Gwaggo ta yi magana sai ta ji kamar an sauke mata kaya.

Washegari da hantsi Kalilu ya zo karɓar jakar da za a kai asibiti. Ɗan Kano ne mai shagon atamfa da hijabai a unguwar Masjid India, da aka rufe kasuwa ya koma kai saƙo a babur, kuma shi ne ƙafar duk wani ɗan Arewa da aka killace. Ya tsaya can nesa a baranda da takunkumi biyu a fuska.

"Maman Zuhra, ki rataya a gate kawai, no need ki fito. Akwai roadblock wajen Bukit Jalil amma ina da permit, boleh, zan wuce. Kin sa wayar Dokta da charger?"

Ta sa. Tana saman jallabiyarsa, ta cika ta da caji tun jiya. Sai a lokacin ta tuna cewa saƙonnin aikinsa duk ta wayar suke shigowa, yana kunnawa zai ga komai. Ta juya wa ƙofa baya, ta zare wayar, ta kashe ta, ta tura ƙarƙashin matashin kujera.

"Ta ƙi kawowa, Malam Kalilu. Ina ga ta lalace."

"Subhanallahi. To no problem, akwai ta ward."

Ta ɗakin jinyar wata faffaɗar waya ce a naɗe cikin leda, wadda nas ke bi da ita gado-gado sau ɗaya a rana, kowa ya ga nasa na ɗan lokaci. Wadda ta kira bayan azahar ba a ganin komai nata sai idanu a bayan gilashin roba, an rubuta sunanta da alƙalamin maka a ƙirji, Aini. Ta juya wayar. Zulkiflu yana kwance rub da ciki, kansa a karkace, abin iska ya rufe masa hanci da baki. Ya rame a 'yan kwanakin nan har kunnuwansa sun fito. Ko gaisuwa bai bari ta gama ba.

"Me aka gani?"

"An ɗage, Baban Zuhra. Ba a buɗe ba."

Ta zaci zai yi tsaki ya ce Allah ya kai mu. Sai ta ga idanunsa sun tsaya cak.

"Wa ya ɗage?"

"Su... kwamitin. Sun ce sai ka warke."

Ya girgiza kai a kan matashin, ya sa hannu ya ɗan janye abin iskar.

"Ba a ɗagewa don mutum ba ya nan. An buɗe na wata... tana ɗakin haihuwa." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Abu ɗaya ke sa a ɗage. Sun ga kuskure. Kunyarki suka ji."

"A'a wallahi, ba wanda ya ce..."

"A ina? Sun ce a ina?"

Tari ya turnuƙe shi, wata na'ura ta fara ƙara, Aini ta mayar masa da abin iskar tana yi masa faɗa a hankali. Allon ya juya ya kalli silin, sannan ya mutu.

Husainatu ta daɗe zaune da waya a cinya. Ba ta san da wannan ba. Ina za ta sani? A wurinta ɗagewa ita ce magana mafi sauƙi a duniya, ana ɗage biki, ana ɗage jarrabawa, ba wanda ya mutu. Ta yi niyyar gobe ta warware masa. Amma da ta zauna ta auna, sai ta ga kuskure ai ana gyarawa, babu kuwa ba ta da gyara. Mai kuskure yana da dalilin da zai tashi ya koma teburinsa. Wanda aka ce wa babu, me zai tashi ya yi? Da wannan ta lallashi kanta, ta tashi ta dafa wa Zuhra taliya.

Ranar Asabar bai tambayi Zuhra ba, abin da bai taɓa yi ba. Yarinyar ta leƙo tana cewa, "Baba, you boleh balik tomorrow?" wato ko zai iya dawowa gobe, ya ɗaga mata yatsu biyu kawai, idonsa na kan uwar.

"Buɗe kwamfutar. Akwai halittu a tekun... masu haske a jiki. Nakan cire haskensu. Ina ga a nan ne. Karanto mini lambar da ke sama."

Ta karanto. Ya lumshe ido, leɓɓansa na motsi a cikin robar.

"Daidai ne. To ba nan ba ne. Je ki ƙasa."

Kowace kalma sai ya janye abin iskar kafin ya faɗe ta, kuma kowace janyewa sai na'urar ta yi ƙara. Aini ta karɓe wayar, ta matsa gefe, ta rage murya. Da Turanci ta yi maganar, ta kira ta Puan, wato uwargida a harshensu.

"Puan, me ke damun mijinki? Ba ya barci. Yana ta rubutu da yatsa a kan zanin gado, yana magana shi kaɗai. Muna so ya kwanta ya huta, huhunsa ba zai iya wannan ba. In akwai abin da zai kwantar masa da hankali, ki gaya masa."

Husainatu ta sake kiran Ringim tana kuka. Gwaggo ta ce ta daure, damuwar gyara ba ta kai ta asara ba, kuma gobe za a yi masa saukar Alƙur'ani a masallacin unguwa. Husainatu ta ajiye wayar ba ta gamsu ba. Ta yanke cewa gobe, ko Gwaggo ta so ko ta ƙi, za ta faɗa masa yadda abin yake.

Lahadi ba a kira ba. Ta buga ta buga, da ƙyar wani ya ɗauka ya ce marasa lafiya sun yi yawa har a baranda, ba mai hannun riƙe waya yau, ta yi haƙuri sai gobe.

Litinin da safe baƙuwar lamba ta shigo. Farfesa Zainol ne. Ya ce ya yi ta aika wa Zulkiflu saƙo ba amsa, sai da ya bi ta ƙungiyar ɗaliban Najeriya ya sami lambarta. Ya tambayi jikin, ta ce da sauƙi, yadda ake cewa.

"Alhamdulillah. To yaya ya ji da albishir ɗin? Na san ya yi murna."

"Wane albishir, Prof? Ai ba a ga komai ba."

"Eh, ba a gani ba. Ai da ma da wuya a gani, Puan, duk mun san haka, shi ma ya sani. Kusan kowa a wannan aikin haka yake tashi." Ya yi 'yar dariya. "Kin fita da wuri ranar. Abin da ya lissafa za a gani na hasken banza, shi aka gani cif, ba ƙari ba ragi. Ma'ana awonsa ba shi da aibu. Yanzu an san waɗannan taurarin, in ma suna aikowa, ba su wuce kaza ba, kuma ba wanda ya taɓa matse iyakar kamar yadda ya yi. Amsa ce, Puan, amsa mai kyau. Tafi aka yi masa. Wasu ma sun nemi su yi aiki da hanyarsa. Digirinsa ya tabbata, rubutu kawai ya rage."

Husainatu ta dafa tebur.

"Prof, da a ce an ɗage ranar fa?"

"Ɗagewa? Allah ya kiyaye. Wannan ne abin da kowane ɗalibi ke tsoro. Me ya sa kika tambaya?"

Ba ta san yadda ta yi sallama da shi ba. Ta buga asibiti, ta sake bugawa, tana zagaye falon ba takalmi, tana ta maimaita abin da za ta ce don kada ta ɓata ko daƙiƙa: an buɗe, ba kuskure, an yi maka tafi. Can wata murya ta ɗauka, ba ta Aini ba. Aka nemi sunansa, aka yi shiru, aka dawo. An ce iskarsa ta yi ƙasa ƙwarai bayan asuba, likitoci sun sa shi barci sun zura masa bututu, yanzu na'ura ce ke yi masa numfashi. An yi niyyar kiran ta, aiki ne ya yi yawa.

Ta roƙe su kamar mai roƙon rai. Da yamma Aini ta karɓi aiki, ta shiga inda aka mayar da shi, ta kara masa wayar a kunne. Husainatu ba ta ganin komai sai gefen kansa da farin filasta a kumatu.

"Baban Zuhra, ni ce. Ƙarya na yi maka. An buɗe tun ranar Alhamis. Ba a ga jan ɗigon ba, amma Prof ya ce aikinka ba kuskure, ko ɗaya babu. Ya ce amsa ce mai kyau. Tafi aka yi maka. Ka ji? Ka daina nema. Don Allah ka daina nema, ka huta."

Ba abin da ya amsa sai na'urar, tana hurawa tana saki.

"Yana ji kuwa?" ta tambayi Aini.

"Wasu suna ji, Puan," in ji Aini. Ba ta ce yana ji ba.

Ranar Laraba da hantsi ya cika. Ba a yi masa wanka ba, taimama aka yi masa a kan ledar da aka rufe shi, haka dokar lokacin take. Mutane cikin fararen kaya, waɗanda ba su san ko sunan garinsu ba, su suka sallace shi suka sa shi a kabari. Kalilu da wasu ɗalibai biyu suka tsaya daga bayan shinge, ya ɗaga waya sama don ta gani. Hoton yana yankewa yana dawowa, jar ƙasa, motar haƙa rami, itatuwan kwakwar manja a can baya. Ta gani daga kujerar falo, da abin hannunta ruwan hoda, Zuhra ta kwantar da kai a cinyarta tana tambaya da Turanci me ya sa ba a ganin fuskar Baba.

Gwaggo ta kira da yamma, muryarta ta dushe.

"Sai haƙuri, 'yar nan. Kwana ne ya ƙare. Abu ɗaya nake gode wa Allah a kai, da kika ji maganata. Ya tafi hankalinsa kwance, bai ji baƙin labarin nan ba."

Husainatu ta buɗe baki. Sai ta tuna tsohuwar tana da hawan jini, kuma tun safe ba ta sa komai a cikinta ba, in ji yaran gidan. Ta ce, "Haka ne, Gwaggo. Allah ya jiƙansa."

Bayan an yanke mata abin hannun, mata suka fara zuwa gaisuwa ɗaya-ɗaya, su tsaya a baranda, su rataya kular abinci a ƙofa su tafi. A cikin kwanakin ne Aini ta kira, ba da wayar asibiti ba, da tata. A karo na farko Husainatu ta ga fuskarta, yarinya ce ƙarama, duk takunkumi ya yi mata sawu a karan hanci. Ta yi ta'aziyya, sannan ta faɗi abin da ya sa ta kira.

"Puan, akwai saƙon da ya bari. Ba ni ke aiki ba da asubar, abokiyar aikina ya gaya wa kafin a sa shi barci, ita kuma ta kwanta ciwo, sai jiya muka haɗu. Ta ce ya riƙe mata hannu sai da ta maimaita masa."

"Me ya ce?"

"Ya ce a ce miki ki kula da Zuhra. Sannan ya ce ki gaya wa Prof, ya duba ko'ina bai ga kuskuren ba. Ya ce a ba shi haƙuri, ya ba shi kunya a gaban mutane."

Husainatu ta yi godiya. Ta ajiye wayar ta zauna, ba ta yi kuka ba, abin ya wuce nan. Saƙon mamaci amana ne, kuma ta riga ta ga abin da ke faruwa in ɗan aike ya gyara saƙo da hankalinsa. Ta jira har Zuhra ta shiga wanka, sannan ta nemo lambar Farfesa Zainol.

Ya ɗauka da sauri, ya fara gaya mata cewa jami'a na duba yadda za a ba Zulkiflu digirinsa ko bayan rai, kuma mutanen can sun ce za su sa sunansa a gaban takardar da za a buga. Ta bar shi ya gama.

"Prof, ya bar maka saƙo. Zan faɗa maka yadda ya faɗa."

Ta faɗa, kalma bayan kalma, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ya duba ko'ina bai ga kuskuren ba. A ba shi haƙuri. Ya ba shi kunya a gaban mutane.



"Wane kuskure, Puan?" dattijon ya ce a hankali. "Wa ya ce masa akwai kuskure?"

A nan ne kukan ya zo mata.